Muryar Yaya a Akwatin Ƙarfe

Ni ne mutumin da ake kawo wa rediyo idan ta yi shiru. Shekara da shekaru haka aka san ni a unguwarmu a Tambuwal. Aji huɗu na yi a firamare aka fitar da ni zuwa kiwo, amma na fito na iya haɗa baƙi na kuma iya riƙe sukurdireba, a zamanin da na tashi kuwa wannan ya isa a kira mutum injiniya. Na gyara tocila, na gyara agogon bango, na taɓa gyara injin markaɗe har ya yi kwana biyu yana aiki kafin ya kama hayaƙi. Ba don yabon kai nake faɗin wannan ba. So nake mai karatu ya san irin kan da na shiga wannan lamari da shi. Kai ne da ya cika fal, babu wurin zuba ko cokali ɗaya na bayanin wani.

Yayana kuwa a Kebbe ya zauna duk rayuwarsa, a gidan da aka haife mu. Shi ya riƙe gonaki da shanu lokacin da na tattara na koma Tambuwal. Bai taɓa shiga aji ba, ni kuma ban taɓa bari ya manta da haka ba. In ya yi magana a taron dangi sai na gyara masa. In ya kawo labarin kakanni sai na dubi agogo. Na yi shekaru ina zuwa Kebbe daga sallah sai sallah, in zauna a gefen tabarma kamar wanda aka aiko daga ofishin gwamna, in koma kafin la'asar. Shi kuwa ko sau ɗaya bai nuna ya ji haushi ba. Injiniya yake kira na, da wata murya wadda har yau ban san ko yabo ne ko ba'a ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, idanunsa kuma suka fara dushewa, sai na tuna cewa ina da wa. Na shiga hawa kabu-kabu duk mako ina zuwa duba shi. A nan ne matarsa, wadda muke wasa da ita tun tana amarya, ta kawo wata shawara.

Ta ce, "Injiniya, wayar ga taka, ban da kiran mata, tana wani aiki?"

Na ce tana ɗaukar hoto, tana ɗaukar murya, tana yin abubuwan da ko na yi mata bayani ba za ta gane ba.

Ta ce, "To ɗauki muryar wan naka. Shi kaɗai ya rage wanda ya san wa ya haifi wa a gidan ga, da inda iyakar kowace gona ta tsaya, da rijiyoyin da anka gina da waɗanda sunka rufta. In ya tafi da su, jikokinmu sai dai su tambayi kuka da tsamiya."

Na karɓi aikin da hannu biyu, na yi mata alkawari a gaban Yaya cewa ko kalma ɗaya ba za ta ɓata ba. Kafin a cire amfanin gona na tara muryoyi masu yawa a wayar, wasu masu tsawon tafiyar Kebbe zuwa Tambuwal.

Ɗiyata ta fari tana aikin asibiti a Sakkwato. Ita ce dama ta sa mana modem a gida, wani ɗan farin akwati mai layin waya a cikinsa, wanda ke jawo intanet. Yana rataye a ƙusa kusa da tagar ɗakina, yana shan wutar sola. Ƙarfinsa bai wuce ɗakin ba. Duk mai son ya ga hoton jika sai ya zo ya tsaya gindin taga kamar mai jiran sadaka. Da na gaya mata abin da nake tarawa a wayar, sai ta ce, "Baba, a waya kaɗai suke?" Na ce a ina kuma za su kasance. Ranar Asabar sai ga ta da kwalaye biyu.

A gidanmu na masu shanu, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Malama nake ce mata. Ba na zama da ita ido cikin ido, ba na nuna mata na damu da zuwanta ko tafiyarta. Haka na ga ubana ya yi wa Yaya, haka ni ma na yi. Al'ada ce mai kyau, ba na zaginta. Amma wanda ya ƙirƙiro ta bai san za a yi zamanin da ɗan fari zai zo da abin da sai an zauna an saurare shi ba.

Ta shiga wurin uwarta gaisuwa, ni kuwa na buɗe kwalayen. Ɗaya na ɗauke da wani abu mai ƙaho huɗu a tsaye, shi ne rauta, mai karɓar intanet daga modem ya watsa shi ko'ina a gida. Ɗayan kuma wani baƙin abu ne kamar sandar sabulun wanki, mai ɗan nauyi. Na ga igiya, na ga ramuka biyar a bayan mai ƙahon, huɗu ruwan ɗorawa, ɗaya shuɗi. Na yi tunani irin na manya, na ce huɗu ba za su haɗu a kan ɓata ba, na cusa igiyar a ɗaya daga cikinsu. Da ta fito ta tarar na gama aiki ina kaɗa ƙafa.

Ta durƙusa ta duba. Ta zare igiyar ta mayar da ita shuɗin ramin.

Na ce, "Ai dama gwada ramukan nake yi."

Ta ce, "Na gane, Baba."

Sai ta fara bayani, kanta a sunkuye. Igiyar nan ta taso daga modem ta shiga rauta. Baƙin abun nan na'urar ajiya ce, tana da tata wayar wuta da za a jona a bango, amma tsakaninta da rauta babu igiya, ta iska suke gaisawa. Duk lokacin da wayata ta shigo gida za ta riƙa juye abin da ke cikinta zuwa na'urar da kanta. Juyen farko zai daɗe, watakila kwana ɗaya ko biyu, don kayan da yawa. Fitilar na'urar za ta riƙa ƙiftawa muddin ana juyewa, in an gama sai ta tsaya kore. Kada a cire ta daga wuta. Kada a matsar da ita. Kada a taɓa.

Duk wannan na san ta faɗa ne don uwarta ta maimaita mini daga baya, har sau nawa ban ƙirga ba. A lokacin ni na juya mata gefe, na ɗauko wata tsohuwar rediyo ina kwance bayanta, ina cewa "uhum, uhum". Ya za a yi a leƙo a ga dattijo kamata zaune gaban ɗiyarsa ta fari yana ɗaukar darasi? Abu biyu kawai suka shiga kunnena: cewa muryar Yaya za ta koma cikin baƙin abun, da cewa ba ya bukatar igiya.

Bayan azahar ta kama hanyar Sakkwato. Intanet ya cika gida har bayan garke. Mai ɗakina ta kira ƙanwarta tana zaune a madafa, suna ganin juna, suna ihu kamar an yi haihuwa.

Bayan la'asar sai tela maƙwabcina, wanda shagonsa ke tsallaken hanya, ya yi sallama. Ya ce, "Malam, wani sabon waifai ya fito a wayata, ƙarfinsa cike. Naka ne? Ko za a taimaka da lambar sirri?"

Na sallame shi da cewa sai na yi shawara. Amma da na koma ɗaki sai hankalina ya tashi. Abu ya tsallake katangata, ya tsallake hanya, ya shiga aljihun tela ba sallama. To in har murya za ta iya shiga baƙin abun nan ba igiya, me zai hana ta fita ba igiya? Ga sirrin gidanmu kaf a ciki: wanda ya saki wa, gonar da aka yi rigima a kanta, sunan kakar da ba a faɗa. Na ga tela zaune yana taka keke yana sauraron asirin kakannina.

Na dubi na'urar. Tana kan tebur tsirara, a inda kowane baƙo zai gan ta. Fitilarta na ta ƙiftawa. Na taɓa ta na ji ɗumi. A ilimina na rediyo, abin da ya yi ɗumi yana ƙifta ido ya ƙoshi ne, yana neman a sauke shi.

Mu kuma a gidanmu mun san yadda ake ajiye abu mai daraja. Ba a barin sa a fili. Ana naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, a sa masa kafur don gara da kyankyaso, a kai shi ƙasan akwatin ƙarfe, a danna kwaɗo, mabuɗi kuma ya kwana a aljihun mai gida. Haka ubana ya ajiye takardun gona, haka ya ajiye rawanin kakansa, kuma ga su nan har yau ko ɓera bai lasa ba. Akwatin nasa ne ma na gada.

Na zare wayar wutar. Fitilar ta mutu. Na yanko sabon farin ƙyalle na naɗe ta ninki uku.

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, yarinyar nan fa cewa ta yi kada a taɓa."

Na ce, "Yarinyar nan allura ta karanta. Ajiya kuma ni na gada."

Ta ce, "Ko ka kira ta ka tambaya?"

Na ce, "In kira ta in tambaye ta yadda ake rufe akwati? Je ki duba tukunyarki."

Ta tafi. Da ma a ce ta jefe ni da muciya.

Kada mai karatu ya ɗauka ni sakarai ne na ƙarshe. Na san ai sabbin muryoyi za su riƙa zuwa, kuma dole su shiga na'urar. Na tanadi dabara. Duk ranar da na dawo daga Kebbe, sai in buɗe akwatin, in kwantar da wayar a jikin naɗin ƙyallen, in rufe su tare daga azahar zuwa la'asar, kamar yadda ake sakar wa saniya maraƙinta. Ba igiya ake bukata ba, an ce. To ga su nan jiki da jiki, babu tela, babu mai leƙe. In na ciro wayar har nakan ji kamar ta rage nauyi. Ban taɓa tambayar kaina abin da na'urar ke ci a cikin duhun akwati ba, ni da na yi shekara arba'in ina gaya wa mutane cewa rediyonsu ba ta lalace ba, batir ne babu.

Wayar ta yi iyakar ƙoƙarinta. Kullum da safe takan fito da wani rubutun Turanci mai jar alama a gefe. Kullum nakan share shi da babban yatsa. Ba na son waya mai yawan magana.

Malama ma takan kira ta ce, "Baba, fitilar na nan kore?"

Sai in ɗaga kai in dubi rauta, wanda na bari a kan tebur don kowa na morarsa, in ga fitilunsa reras, in ce, "Kore shar." Ban yi ƙarya ba, a ganina. Ba ta ce fitilar wa ba. Sau biyu ta zo gida a tsakanin nan, duka a gurguje, kuma ɗiyar fari ba ta kutsa kai ɗakin ubanta ba tare da an kira ta ba. Ni kuwa ban kira ta ba.

Har wa'azi na yi da abin. A majalisarmu ta ƙofar masallaci na gaya wa tsofaffi cewa 'ya'yan zamani sun iya sayen kaya amma ba su iya ajiya ba. Wani tsohon masinja ya ce shi bai taɓa jin na'urar da ke aiki a kulle ba. Na tambaye shi injin nawa ya taɓa gyarawa. Ya yi shiru. Na yi kwana uku ina jin daɗin wannan shirun.

Yanzu bari in faɗi yadda nake ɗaukar muryar, don shi ne abin da ya fi yi mini nauyi, kuma na so in tsallake shi.

In na isa Kebbe, nakan gaishe da Yaya, in tambayi jiki, in danna jan maɓalli, in ajiye wayar a kan matashinsa kusa da bakinsa. In ce, "To Yaya, yau daga rijiyar gabas za ka ɗauko." Da ya fara, sai in zame. In je in duba shanu, in ba da shawarar da ba a nema ba. In tsaya wurin mai tsire. In zauna da tsofaffin abokai ina ba su labarin birni, wato Tambuwal. In na ga rana ta karkata, in dawo in kashe wayar in sa a aljihu.

Wata rana ya ji motsin tashina. Ya ce, "Injiniya, ina kaka zuwa? Zauna mana."

Na ce, "Yaya, ci gaba, waya tana jin ka. Ta fi ni riƙewa."

Ya ce, "Ita ma ɗiyar babanmu ta?"

Na yi dariya na fita. Na ɗauka barkwanci ne irin nasa.

Kuma ko sau ɗaya ban kunna na saurara ba. Cewa nake ai suna nan, a waya da kuma a akwati, wuri biyu. Sai na sami natsuwa zan zauna in ji su daga farko. Mutumin da ba shi da aikin fari ba shi da na baƙi, wai yana jiran natsuwa.

Yaya ya rasu da faɗuwar ruwan farko. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ranar sadakar uku matarsa ta aiko a gaya mini cewa kada in kunna mata muryar yanzu, ba za ta iya ba. In ta fita takaba in zo da muryar, a tara 'ya'ya da jikoki a ji tare. Na aika mata cewa ta kwantar da hankalinta, abin yana hannun masana.

Damina ta yi nisa. Wata Laraba ina dawowa daga Kebbe, inda na je duba gonakin marayu, muka iso wani kwari da ruwa ya cika. Ɗan kabu-kabu ya ce in sauka mu tura. Na ce ya wuce kawai, na fi shi sanin hanyar. Ya wuce. Muka kwanta a tsakiya, ni da shi da babur. Da na miƙe, hulata ta yi gaba, wayar kuma tana aljihun gaba ta sha ta ƙoshi. Mai gyara a Tambuwal ya buɗe ta, ya busa, ya gasa, ya girgiza kai. Ya ce ko abin da ke cikinta ba zai fito ba.

Ko a jikina. Har na tausaya masa, don na ga ya damu. Na ce, "Kada ka ji komai, ni ba irin mutanen nan ba ne masu ajiye ƙwai a wuri ɗaya." Na ari wayar mai ɗakina na kira Malama, na ce in za ta zo ta taho da wata waya a juye mini kayana.

Ta zo ranar Asabar. Wannan karon na kira ta ɗakin da kaina. Ta dubi tebur, ta dubi ƙarƙashinsa, ta dubi bayan rauta.

"Baba, ina na'urar?"

Na yi murmushin da na daɗe ina tanadi. Na zaro mabuɗi daga aljihun 'yar ciki, na jawo akwatin, na buɗe kwaɗo. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Na ɗage takardun gona, na ɗage rawani, na ɗauko naɗin da hannu biyu na miƙa mata.

Ba ta karɓa nan take ba. Ta ce, "Tun yaushe take nan?"

"Tun ranar da kika kawo ta. Ko ƙura ba ta taɓa ta ba."

Uwarta na tsaye bakin ƙofa. Ta ce, "Gaya mata na maraƙin ma." Na gaya mata, har da lokacin, daga azahar zuwa la'asar. Ina cikin bayanin ne na fara jin yadda maganar ke sauka a kunne. Ban taɓa faɗin ta a gaban wanda ya sani ba.

Malama ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo. Ta ce, "Baba, ai likkafani kuka yi mata."

Ta warware ƙyallen, ta jona na'urar a wuta, ta buɗe ta a sabuwar wayar. Abin da ya samu shiga a 'yan sa'o'in nan na ranar farko yana nan lafiya lau. Na'urar daga tsofaffin kaya ta fara. Akwai hoton wani rago da na taɓa tayawa ban saya ba. Akwai hoton kwalin maganin hawan jini. Akwai hotunan hancina daga ƙasa guda goma sha, waɗanda wayar ta ɗauka lokacin da nake koyon ta. Hancin ya fito tas, kowane gashi a wurinsa. Muryar Yaya kuwa ko tari ɗaya babu.

Na ce ta sake dubawa. Ta sake. Na ce ko a girgiza ta. Malama ta tashi ta shiga ɗakin uwarta, na ji tana kuka a hankali. Yaya ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, don ni kunya ta hana ni shiga.

Na yi sati uku ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada ɗan kabu-kabu, na gwada mai gyara, na gwada tela. Na gwada Turawan da suka ƙera abu ba su rubuta a jikinsa da Hausa cewa yana cin wuta ba. Duk wanda na ɗora wa sai ya zame ya dawo kaina.

Da matar Yaya ta fita takaba na tafi Kebbe. Na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an tara yara da manya. Har fura aka dama. Na ce mata ina son magana da ita tukuna. Muka koma ƙofar ɗakin da ya yi jinya, ta zauna a kan turmi, na tsuguna. Na gaya mata komai, ban rage ba, har kafur.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Kai da kanka ka yanke ƙyallen?"

Na ce ni na yanka.

"Ninki nawa?"

"Uku."

Ta ce, "Madalla. Ka cika sunna." Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "To ba komai, Injiniya. Waya ta mutu, kai kana da rai. Ga yara can sun taru. Tashi ka gaya musu abin da wanka ya faɗi. Ai kai anka ba aikin."

Na buɗe baki. Na san akwai rijiyar gabas. Na san akwai wata kaka da ta zo daga wajen Sanyinna, ko kuma can aka kai ta. Iyakar abin da na samu ke nan a cikin kaina, bayan wata da watanni ina zirga-zirga.

Ta ce, "Mi ka tsaya yi? Ko tsiren ya toshe ma kunne?"

Na ce, "Matar Yaya, ki yi mini rai."

Ta ce, "Zauna, kada ka faɗi. Ni ina nan bakin ƙofar ga duk ranar da ka aje mai waya ka fice. Ina ɓarar gyaɗa ina ji. Kakanni na riƙe su, gonaki na riƙe, rijiyoyi ko ban riƙe duka ba na riƙe na kirki. Zan gaya ma yara da bakina, in ɗiyarka ta zo ta ɗauka, ita da ta san abin da taka yi."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na fara godiya. Ta ɗaga hannu.

"Saura guda. Zuwanka na ƙarshe kafin ya daina magana, ka tuna? Ka aje wayar ka zame kamar kullum, amma ran nan bai ji fitarka ba. Ya aza kana zaune. Ya bar zancen rijiya. Ya kira ka da sunanka na yanka, ba Injiniya ba. Ya yi ta yi ma magana, kai kaɗai, tun daga ranar da anka haife ka. Ya daɗe. Da ya ƙare ya ce, ka ji ko? Ya miƙa hannu yana laluben ka. Ya sake cewa, ka ji ko?"

Na ce, "Me ya ce?"

"Ni na taso na kama hannun, don kada ya ji wurin wayam."

"Don girman Allah, me ya ce?"

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta karkaɗe zaninta.

Ta ce, "Ba ni ya gaya ma ba, ƙanen miji. Kuma ba kai ka ji ba. Wayarka ya gaya ma. Ka ce ta fi ka riƙewa."

Ta wuce wurin yara. Na ji ta ce su matso, ta fara da sunan kakan kakanmu. Na tashi na bi ta, na sami gefen tabarma a bayan jikoki na zauna, na kasa kunne har ta gama.

Na sake roƙonta sau biyu bayan wannan, sau ɗaya da kaina, sau ɗaya ta bakin mai ɗakina. Amsar ɗaya ce. Na uku ban yi ba, don na lura duk lokacin da na tambaya sai ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai, kuma ba ita ta fita sayen tsire ba.